Hular Kwanon Tsoho

Da jikan ya ce hular kwanon kakansa yake so, tsohuwa ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar jana'izar mijinta.

Jikan ma soja ne kamar kakan nasa, daga bariki ya iso garin Horo Birni ta'aziyya. Tun yana ƙarami yake jin labarin hular nan: ita ce ta tare harsashi a yaƙin basasa, tsoho ya dawo gida da ransa. So yake ya goge ta ya rataye a ɗakinsa.

"Angona, ka yi gaggawa," in ji ta. "Hular tana bakin aiki."

Ta tuna yadda marigayin ya dawo a rame, ya cire ta daga kansa, bai ƙara sawa ba. Da ita ya riƙa auna irin gero shekara da shekaru. A ciki aka jiƙa wa 'ya'yansa magani, a ciki yake raba wa jikoki dabino ranar salla. Har haƙoransa suka zube yana gardamar gyaɗar da aka soya a cikinta ta fi gardi.

"Tahi gindin rumbu ka gani," ta ce. "Amma yi sannu, akwai mai gadi."

Ya je gindin rumbun, ya durƙusa ya miƙa hannu, sai kaza ta cake shi a yatsa. Ƙarƙashin fikafikanta, cikin hular da harsashi ya lotsa, 'yan tsaki ne ke leƙowa.

Ya ja da baya yana yarfa hannu.

"A bar ta, Kaka," ya ce. "Ba ta yi ritaya ba tukuna."