Buhu Uku, Mota Ɗaya

A kan idona direban motar shara ya ɗauki buhunana uku, na robobi da na kwalabe da na takardu, ya watsa su wuri ɗaya da ruɓaɓɓen abincin maƙwabta.

Shekara biyu ina ware shara. Na yi faɗa da maigidana a kan gwangwanin madara, na sa 'yata wanke kwalabe har ta laƙaba mini suna "Hukumar Tsafta". Ashe duk wahalar banza nake yi?

"Malam, tsaya!" na ce. "Dama haka kuke haɗe su?"

"Mota ɗaya gare mu, Hajiya. Yaya za mu yi?"

"To ni me nake yi ke nan duk tsawon lokacin nan?"

Ya dubi buhunan, ya dube ni. "Au, ke ce mai ɗaure buhu da jan zare?"

Na rasa ko laifi na yi. Na dai gyaɗa kai.

"A juji akwai mata masu tsintar roba. Da mun sauke kaya, buhunanki suke fara nema, don su kaɗai ake zura wa hannu kwalba ba ta yanki mutum ba." Ya hau mota, ya leƙo ta taga. "Mahaifiyata na cikinsu. Kullum sai ta sa wa mai buhunan nan albarka, ba ta san ko mace ce ko namiji ba."

Motar ta ja ta bar ni tsaye, ko a gaishe ta ban ce ba.