Direban Da Ukasha Ya Gani

Ukasha yana zaure, hannu dumu-dumu cikin tuwon biki, aka ji ƙarar ƙarfe a waje. Kafin ya suɗe yatsu, ya lalubo takalmi ya fito, an gama da motarsa. Ƙofar baya ta lotsa, fitila ta tarwatse, dogon karce ya bi gefenta har madubi. Hanya fayau, ba mota ba babur.

Da wani ne da ya ɗora hannu a ka. Ukasha murmushi ya yi, don ranar da yake jira ke nan. A duk ma'aikatan ofishinsu na Ikara shi kaɗai ya yanki babbar inshora, kuma har masinja ya haddace labarinta. Masu yankar ƙaramar takarda don a bar su su wuce shingen 'yan sanda, ƙauyawa yake kiran su. Mutum ne mai gida a Zariya, da gona da dabbobi a ƙauye, da 'ya'ya a makarantar kuɗi, sai dai ya fi son lissafa su a kan ya je ya duba su. Ɗaurin auren ma da ya kawo shi ƙauyensu Gubuchi, don a ga motar ya zo. Shi ya sa ya tsallake inuwar da kowa ya ajiye tasa, ya kafa ta a bakin burtali.

Ya tsaya kan dattawan da ke tabarma, ba sallama ba gaisuwa. "Wa ya ga direban?"

Suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Wallahi, Alhaji, ba mu ga kowa ba."

A ofishin 'yan sanda na Maƙarfi aka tambaye shi yadda aka yi. "Ban gani ba" ta yi masa nauyi a baki. Mutum da digirinsa, a ce yana cin tuwo aka daki motarsa? Sai ya ce ya gani. Jar Golf ce, direban dogo ne baƙi, waya a kunne, ya taka wuta ya nufi Kudan. Ya rantse, ya sa hannu. Kafin mako ya zagayo, direban ya samu gemu da wushirya a bakin Ukasha.

Mai gyaran mota ya faɗi abin da aikin zai ci, Ukasha ya nemi kujera. Albashinsa ko ƙofar ba zai tayar ba. Yanzu kam ba zancen burga ba ne, in kamfani bai biya ba, acaɓa zai koma hawa a gaban mutanen da ya daɗe yana yi wa dariya.

Kamfanin ya turo wata jami'a mai suna Naja'atu, mace marar yawan magana. Ta ce ko direba ya ɓace suna biya, muddin abin da aka rantse a kai gaskiya ne. In ƙarya ce, ko sisi. Ta durƙusa ta bi karcen da yatsa.

"Jar mota ka ce, ranka ya daɗe? Ban ga jan fenti ba."

"Ta koɗe ne."

Ta zaro sili-silin katako daga jikin ƙofar.

"Katako ya ɗauko," in ji Ukasha.

Ta ce tana son ganin wurin, suka ɗauki tasi zuwa Gubuchi. A bakin burtalin wata tsohuwa, Inna Azumi, tana suyar ƙosai. Naja'atu ta rusuna ta gaishe ta, gida, gajiya, jikoki, kasuwa, Ukasha yana ta duba agogo. Sai bayan nan ta yi tambayarta.

Tsohuwar ta juya ƙosai. "Zauna, 'yata. Da an yi la'asar ta nan suke wucewa."

Ukasha ya leƙa burtalin. To wa ya sani? Ƙila dai akwai jar Golf ɗin. Ya maimaita ta har ya fara tuna ƙarar injinta. Ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda za a ji har zaure, ya ce mai abin nan ko ɗan waye sai ya kwana a caji ofis.

La'asar ta yi. Bijimai biyu farare suka ɓullo daga kwanar shinge, suna jan amalanke shaƙe da rake, suna tafiyarsu ta ƙasaita. Ba kowa a kai, ba kowa a gefe. A kusurwar katakon, shuɗin fentin motar Ukasha yana ta ƙyalli.

"Sun san gida," in ji Inna Azumi. "Lodi kawai ake yi musu a gona a sake su. Ba sa kauce wa kowa."

Naja'atu ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Ta kalli bijiman, ta kalli Ukasha. "Wanne ne mai wushiryar?"

Kunya ta kama shi har kunnuwa, amma ya riƙe igiya ɗaya da ta rage. Inshora ta tafi, to. Shanu dai suna da mai su, kuma shi zai biya, ko da sai an sayar da su a kasuwar Maƙarfi. Ya sha gabansu yana ihu a fito masa da mai dabbobin nan marar tarbiyya.

Ƙararrawar keke ta kaɗa a bayansa. Ƙanen mahaifinsa ne, Baffa Sada, ya biyo sawu daga gona, ya sauko da fara'arsa.

"A'a, Ukasha! Yau dai ka tuna ka zo ganin shanun naka?"