Masu Dashe da Kututturan Tsohuwa

Ku matso ku ji wannan da ɗuminsa, don wallahi abin haushi ne. Wata tsohuwa ce manomiya, mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya tak a bakin titi, arewa da gari, inda iska ke fara sauka. Duk farkon damina haka take fama: gero ya tsiro siriri kamar allura, iskar hadari ta kwaso rairayi ta binne shi, sai an sake shuka. To ita sai ta lura da wani abu. Kututturan nan da ake sarewa a ƙone lokacin sassabe, gawo ne, kalgo ne, aduwa ce, ashe ba su mutu ba. Saiwarsu na can ƙasa tana shan ruwanta, kowace shekara sai sun yi toho. Sai ta daina sarewa. A kowane kututture ta zaɓi toho uku masu ƙarfi, ta rage sauran da 'yar wuƙarta, ta ɗaura musu jan tsumma don makiyaya su san da mai su. Shekara uku fa tana wannan aiki. Mutanen gari na ta cewa gonar malalaciya, ko sassabe ta kasa. Ita kuwa ta san abin da ta gani: itatuwan sun kawo mata kafaɗa, rairayi ya fara tsayawa a gindinsu, kuma bara sau ɗaya ta yi shuka ta tsaya.

Ana nan sai ga wasu matasa daga birni, 'yan ƙungiyar kare muhalli, da farar mota da korayen huluna iri ɗaya. Kuma fa ba mugaye ba ne, da gaske suke yi, shugabansu in yana maganar hamada har muryarsa rawa take. Mai unguwa ya nuna musu gonar tsohuwa, wai ita ce a bakin titi, kowa zai gani. Ita kuma ranar ta tafi sunan jikarta a wani ƙauye, ba wanda ya ce a jira ta. Suka duba suka ga tsirrai barkatai, ba layi ba tsari, sai suka zare adduna. Wahalar shekara uku, kafin azahar sun kwantar da ita ƙasa, har da jajayen tsummokaran a jiki. Suka ja igiya, suka haƙa ramuka a jere, suka dasa itacen turare ɗari uku. A ƙarshen damina fa, a garin da rijiya gaba talatin ce, kuma mata ke jan guga da hannu. Suka kafa ƙaton allo, suka jeru aka ɗauki hoto.

Da la'asar tsohuwar ta dawo, da ƙullin goron suna a bakin zane. Ta tsaya a bakin gonarta kamar wadda ta ɓata hanya. Ta sunkuya ta ɗauki reshen gawo ɗaya, ko bushewa bai yi ba. Shugaban ya taho da fara'arsa ya durƙusa ya ce, "Inna, mun share miki dattin nan, mun sa miki itatuwa na gaske." Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "Ɗan nan, ku a gidanku in za a yi wa jariri aski, ba a tambayar uwarsa?" Shi kuwa ya ɗauka wasan kaka da jika ne, ya yi dariya, suka shiga mota.

Rani ya shigo. Dashen da ƙishi bai kashe ba, gara ta cinye. Da ruwa ya sauka, iska ta zo ta tarar da gona fayau kamar faifai, ba abin da zai tare ta. Sau uku tsohuwar nan tana shuka, irin da ta ɓoye a tulu ya ƙare ƙaf, gonar da ta ba ta dami ashirin bara, bana bakwai ta ɗaure. Bayan kaka sai ga shugaban ya dawo duba aikinsa. Tun daga titi ya hango kore-kore, ya yi hamdala, ya fiddo waya zai ɗauki hoto. Tsohuwar ta yafito shi da hannu. Ya matso ya duba, ko ɗaya ba nasa ba ne, kututturan da ya sare ne suka sake toho. Ta sa fartanya ta tona gindin wani gawo, ga saiwa nan kamar cinyar ƙato, ta nutsa ƙasa ba a ganin ƙarshenta. Ta kai shi ramin dashensa ta zaro wani busasshen tsinke, saiwarsa ba ta kai ɗan yatsa ba, a nannaɗe cikin ledar da suka manta ba su cire ba. Ta ce, "Wancan ya girmi ubanka. Ka sare shi bai yi fushi ba. Ni ce na yi." Ta miƙa masa wuƙa da tsumma. Ya cire koriyar hularsa, ya wuni a sunkuye yana rage toho uku-uku, tana biye da shi tana faɗa. Allon nasu kuwa tuni ta tumɓuke shi ta yi ƙyauren akurkin kajinta.

Shekara ukun nan dai sun tafi, ba mai dawo mata da su. Mutane na tsaye a kan daji da ƙafarsu, suna neman inda za su dasa shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.