Shanu a Burtali, Wuta a Zobe

Malam Jatau, ka tambaye ni yadda masana ke riƙe wutar da ta fi cikin rana zafi a cikin na'ura, ka ƙara da cewa ƙaryar 'yan boko ce. To, gyara zama. Wutar nan da suke kira filasma ba a barinta ta taɓa bango. Maganaɗisu ne ke kewaye da ita, yana tafiyar da ita a tsakiya, tana zagayawa kamar zobe. Sai dai ba ta da natsuwa. Gefe ɗaya kan fara karkacewa, in aka yi sake ta ƙwace ta bugi bango, ta mutu ta bar ɓarna, duk kafin ƙiftawar ido. Bari in kawo maka misali da abin da ka sani.

An yi wani makiyayi, hanyarsa ta zuwa rafi ɗaya ce tak, wani siririn burtali tsakanin gonakin gero. Ƙato ne, sandarsa kamar taɓarya, ya kuma yarda da ita fiye da kima. Yakan bi garke a baya, sai shanu sun afka gona sannan ya ruga da duka. Kai ma ka sani, in an doki saniya ba ita kaɗai ke firgita ba. Sau biyu garken na watsewa cikin gero. Mai unguwa ya ce in aka yi na uku za a toshe burtalin da ƙaya, ya kora shanunsa ya nemi wani gari. Hankalin makiyayin ya tashi, don yana da tsohuwa a gida wadda ko bakin rijiya ba ta iya kaiwa, balle ƙaura. Sai ya ajiye girman kai, ya riƙa hawa kan suri a daji yana kallon tafiyar shanunsa. A nan ya gane garke ba ya watsewa haka kawai. Kullum saniya ɗaya ce ke farawa. Za ta ɗaga kunne, ta karkata wuya, ta rage tafiya, ta bayanta ta ture ta, sauran su bi. Tsakanin ɗaga kunnen da watsewa, taku uku ne.

Ranar da gero ya fitar da kai, manoma suka tsaya bakin gonakinsu, kowa da damin ƙayarsa. Makiyayi ya shigo ta gefen garke, sanda a kafaɗa. Wata ja ta ɗaga kunne, ya kira sunanta a hankali, ta mai da kai. Wata fara ta rage tafiya, ya yi mata fito, ta miƙe. Haka har rafi, ko ganye ɗaya ba a tsinka ba, sandar kuma ba ta sauko daga kafaɗa ba. Wani dattijo ya ce masa, "Samari, yau ka zama makiyayi." Manoma suka kwashi ƙayarsu suka kai wa matansu su hura wuta, tsohuwa ta ci gaba da zama a ɗakinta.

Haka masanan nan ke yi, Malam Jatau. Sun sa na'urori masu saurin gani suna gadin wutar, da ta ɗaga kunne sai a ɗan taɓa maganaɗisun, ta koma tsakiya. Ka daina dariya, kakanninka sun riga su faɗa: rigakafi ya fi magani.