Wayoyi a Jikin Maigida

Tana tura ƙofar ɗakin likitan ta daskare. Ga mijinta kwance, wayoyi manne a jikinsa, wata 'yar na'ura tana aika wa jijiyarsa lantarki. Mutumin da ko allura ke sa shi gumi.

"Maigida, mene ne wannan?"

Ya kawar da ido. "Magani ne. Likita ya ce jijiya ce ta yi sanyi, shi ya sa nake daɗewa ban kawo ba."

Ita kuwa ta ɗauka sha'awarta ce ta fita ransa, har ta biyo sawunsa don neman saki.

"Da zafi, maigida?"

"Bai kai kukan da kike ɓoye mini ba."

Ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta jawo kujera.

"Yaushe za mu dawo?"