Direban Tirela Ɗan Shekara Biyu

A ƙasar da Malam Tanimu ya koma, sabuwar doka ta ce shekarun baƙo daga ranar da ya sauka ake fara ƙirga su. Shi ya sa mutumin da ya shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Agadas, katinsa ya ce shekararsa biyu.

Ranar Talata 'yarsa Balaraba ta raka shi ofishin lasisin tuƙi. Ta riga shi zuwa ƙasar da shekara ashirin, don haka a takarda ita ke riƙonsa.

Ma'aikaciyar ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce wa Balaraba, "Ki dawo da shi bayan shekara goma sha shida." Sannan ta turo masa alewa.

Ya ce, "Baiwar Allah, dubi furfurata mana."

Ta ce, "Babu furfura a kati."

Zuciyarsa ta tashi. Ya bar mata alewarta, ya fita ya tofar da yawu.

A bakin mota ya kama ƙofar gaba. Balaraba ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri, baya za ka shiga. In aka ga yaro a gaba, kama ni za a yi."