Yaran Koci Jacob

"A kore shi kawai," in ji Na'Allah, shugaban ƙungiyarmu, yana buga teburi. "Shekara biyu ba mu ci wasa ko ɗaya ba."

Koci Jacob ya sunkuyar da kai. Ranar da ya dawo Kontagora daga Amurka, da ayarin 'yan kabu-kabu muka tarbo shi, ni har da hawayena. Mun ji ya daɗe yana horar da 'yan ƙwallo a can. Ba wanda ya tambaye shi wace irin ƙwallo. Ashe tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake cafe ta a ruga.

Yaranmu kuwa suka koya da zuciya ɗaya. Ƙwallo na tasowa, sai ka ga ɗan gaba ko ɗan baya ya yi tsalle ya rungume ta kamar jaririn da ya suɓuce daga goyo. Alƙalin wasa har ya gaji da busa.

"Ranka ya daɗe, yaran nan suna da baiwa," in ji Jacob a hankali.

"Baiwar jawo mana fanareti? Kwashe su ku tafi, Baba. Mun yafe."

Aka sallame shi da yaransa goma sha ɗaya, aka ɗauko masu ƙafa.

Wasanmu na farko a Auna, duk abin da muka buga sai golansu ya cafe. Na duba da kyau, ashe tsohon ɗan gabanmu ne. A Mashegu ma yaron Jacob ne a raga. A Rijau ma haka.

Ƙungiya goma sha ɗaya muke karawa da su a gasar. Jiya aka rufe kakar bana, ko ƙwallo ɗaya ba mu zura ba.